Barka da Sallah daga Mariyeta, da maganar littafin Baba

Mariyeta, jihar Jojiya, Amurka
10 ga Zulhajji, ranar Babbar Sallah

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Hajiya, barkanku da Sallah. Da fatan an sauko idi lafiya, an yi yanka lafiya, kuma ƙafar nan ta bar ku kun je fili. Allah ya karɓa mana, ya maimaita mana ta baɗi da rai da lafiya. Wasiƙar ta kowa da kowa ce, a karanta ta a tsakar gida in an huta da suya, amma kada a ba Auta karatun, tsallake layi yake yi.

Nan Sallah ba ta da hutu. Ofisoshi da shaguna duk a buɗe, wanda yake son zuwa idi sai ya nemi izini a wurin aiki tun da wuri. Kun riga mu da awa biyar, saboda haka lokacin da muke jera sahu ku kun gama fiɗa har hanta ta shiga kasko. Masallatai ba sa ɗaukar jama'a gaba ɗaya, sai a yi sallar kashi-kashi, waɗannan su fita waɗancan su shiga, kowa yana sauri don kada motarsa ta tare ta wani. Babu kiɗa, babu yara masu yawon barka da Sallah, kuma rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara na dare. Yanka kuwa ba a yarda a yi shi a cikin gari ba. Ko dai mutum ya yi rajista da wata gona a bayan gari a ba shi lamba ya jira layinsa, ko ya biya mahaucin halal ya je ya karɓo nama a leda, an yayyanka shi da zarton lantarki, ƙashi da tsoka a haɗe. Ragon da ba ka taɓa ganin idonsa ba. Layya ta yi, alhamdu lillahi, amma da Baba yana raye da ya girgiza kai.

Shi ya sa yau shi ne a raina tun asuba, Allah ya jiƙansa ya haskaka makwancinsa. Jikokin da suka taso ba su san shi ba sai a hoton falo, da hula da kaki da fuka-fuki a ƙirji. Ina son su ji yadda yake yin abu, domin yadda yake zagaya rago a Zangon Tudun Wada haka yake zagaya jirgin sojan da yake tuƙawa kafin ya hau.

Ba ya fara tambayar kuɗi. Baki yake fara buɗewa: rago ba shi da haƙoran gaba a sama, na ƙasa ake dubawa, in manyan haƙora biyu na tsakiya sun fito to ya haura shekara, babu sauran gardama da mai shi. Sai ya ja fatar ido ya leƙa, in ta yi fari fat akwai tsutsar ciki ko rashin jini. Sai hanci, kada majina. Sai ƙarƙashin jela, kada alamar zawo. Sai ya sa a ja shi ya yi tafiya a gabansa don ya ga ɗingishi. Ciki ba ya ruɗarsa, ya san wasu 'yan kasuwa suna ba dabba gishiri ta sha ruwa ta kumbura. Gadon baya yake dafawa da tafin hannu, in ƙashi ya tokare shi ya wuce gaba ko da Balami ne mai tsayin maraƙi. Ya fi son Yankasa matsakaici mai cika. Daren jajibere a janye dusa da harawa a bar ruwa kawai, saboda tumbi ya yi sauƙin fitarwa. Wuƙa biyu, a wasa su inda ragon ba ya gani. Ba a yanka sai an tabbata liman ya yanka nasa. A wajen fiɗa abu ɗaya ne yake tsayawa a kai da kansa, matsarmama: a ɗaure bakinta a cire ta ɗungurungum, don in ta fashe hantar ta tafi, ɗacin ba ya wankuwa. Fata ba a sayarwa, mahauci kuma da kuɗi ake sallamarsa ba da naman ba. Rabo a kan sikeli, da sunayen gidaje a takarda tun kafin ranar, na matan abokan aikinsa da suka rasu a saman jeri.

Amma abin da ya hana ni sukuni yau dambun nama ne. Hajiya, nan babu shi, kuma abin da 'yan uwanmu suke yi da sunansa ba shi ba ne. Laifin ba nasu ba ne. Ragon nan kitse ya yi masa yawa, gidajen kuma na katako ne a kan juna, in ka sa turmi maƙwabcin ƙasa zai kira mai gida kafin ka sauke taɓarya sau goma. Sai su zuba a injin markaɗe, shi kuwa yanka zaren naman yake yi, ya fito kamar ƙullu. Bari in rubuta yadda ake yi a gidanmu saboda 'yan matan da za su yi aure, in na kauce ku gyara musu. Tsokar cinya zalla, kamar kilo biyu, a cire kitse da jijiya tas. Albasa manya uku, ɗanyar citta, tafarnuwa, kanumfari kaɗan, masoro, attaruhu, gishiri da dunƙule. Ruwa daidai kan nama, kada ya wuce, a rufe a bar shi a wuta matsakaiciya wajen awa biyu, har ruwan ya ƙafe a jikinsa, domin duk romon da aka tsiyaye ɗanɗanon ne aka zubar. A daka shi da ɗuminsa, in ya huce ba ya warwarewa. A bi da hannu a tsince guntun da ya ƙi. Man gyaɗa kamar kofi ɗaya da rabi, wuta ƙasa-ƙasa, a yi ta juyawa ba ɗagawa fiye da rabin awa, sai kumfa ta kwanta, launi ya koma ja-ja, kuma in an murza ya yi ƙaras. Yaji a ƙarshe, don in ya shiga da wuri ƙonewa yake yi ya yi ɗaci. A tsane a kwando, a baza a faranti ya huce sarai kafin a rufe. Wanda aka rufe da zafi gumi yake yi, cikin 'yan kwanaki fumfuna ta hau, balle yanzu da damina ta shigo.

Da wannan dambun a gwangwanin madara Baba yake tafiya Laberiya. Ku kuka san gwangwani nawa kuka cika. Yakan ce nasa ba ya kai kwana biyu, yaran da ke ɗaure lodi suke cinyewa.

Kada kuma a ba kowa ya kawo mini. Dokar ƙasar nan ta hana shigo da nama daga gida, ɗanye ko busasshe, kilishi ma haka. Wanda ya faɗa a filin jirgi za a karɓe a zubar, wanda ya ɓoye kuma aka gani tara ce. Kuka da daddawa da yaji ma sai an bayyana su an duba.

To, ga ainihin abin da ya sa na zauna rubutu. Littafin tashin Baba, mai baƙin bango, wanda ke cikin akwatin ƙarfe tare da kakinsa. Na ji an ce yara sun fara ɗaukowa suna kallo. Su kalla, nasu ne, amma a san yadda za a riƙe shi, kuma a san abin da ke ciki, don wanda bai iya karanta shi ba lambobi kawai zai gani.

Kowane layi tashi ɗaya ne. Daga hagu akwai kwanan wata, sai irin jirgin, sai lambarsa, sai sunan wanda ke shugabantar tashin da na mataimakinsa, sai inda aka je da abin da aka je yi. Ɓangaren dama awoyi ne, na rana daban na dare daban, da waɗanda aka yi cikin gajimare ko hazo ana dogaro da na'ura kaɗai. Ƙarshen kowane wata akwai jimla da sa hannun kwamanda. Inda kuka ga haruffa huɗu sunan filin jirgi ne: DNMM Legas, DNKN Kano, DNMA Maiduguri, DNMK Makurdi, FTTJ Injamena, GFLL kuma Lungi ta Saliyo. Agogon aikin jirgi na GMT ne, ku ƙara awa ɗaya ku sami na gida. Ku nemi shafin da sunansa ya tashi daga layin mataimaki ya koma na shugaba. A aikinsa babu ranar da ta fi wannan, kuma ban taɓa jin ya ambace ta a gida ba.

Shafukan farko na Kaduna ne, a ƙaramin jirgin koyo mai suna Bulldog. Rundunar sojin saman Najeriya ma lokacin yarinya ce: a 1964 aka kafa ta, Jamusawa suka fara riƙe ta, Kanar Gerhard Kahtz ne kwamandan farko. Zuwa 1975 John Yisa-Doko ya zama shugabanta, a shekarar ne kuma manyan jiragen dakon soja da kaya, C-130, na farko suka iso Najeriya. A kansu Baba ya ƙare aikinsa, shi ya sa muka yi zaman barikin Ikeja. Abin da zai ba ku mamaki, a garin nan da nake ake ƙera su. Masana'antar Lockheed tana nan Mariyeta, titin tashi ɗaya suke amfani da shi da sansanin sojin sama na Dobbins, kuma tun shekarun 1950 ba a daina ƙera wannan jirgi ba. Sababbin suna wucewa ta kan unguwa ana gwada su. Ruwan farfelarsu shida ne, na Baba huɗu, don haka kukansu ba ɗaya ba ne. Na da ya fi kauri.

Jirgin Baba mutum biyar ke tafiyar da shi: matuƙa biyu, mai lissafin hanya, injiniyan da ke zaune tsakaninsu a baya kaɗan yana kula da mai da wuta da zafin injuna, sai mai kula da lodi a can ciki. Yana ɗaukar soja 92, ko masu dirowa da lema 64, ko gadon majiyyata 74, kuma da cikakken lodi yana kai wa kusan tan 70. Injuna huɗu, ana ƙirga su daga ƙarshen fiffiken hagu zuwa na dama. Farfelarsa gudu ɗaya take yi a sama, juyi 1,020 a minti. In ana son ƙarin ƙarfi ba saurinta ke ƙaruwa ba, ruwanta ne ke ƙara karkata ya ciji iska da yawa. Sabon samfurin ya sallami injiniya da mai lissafin hanya, kwamfuta ta karɓi aikinsu. A ganina Baba ba zai so haka ba. Injiniyansa yake fara gaisarwa kafin kowa, kuma gidansu ne na farko da ake kai wa cinya.

Kafin kowane tashi sai an zagaya jirgi a ƙasa. A duba tayoyi da birki, a duba ɗigon mai a ƙarƙashin fuka-fuki, a leƙa bakin injin kada tsuntsu ya yi sheƙa ko wani ya manta sufana. A tsiyayi man tanki a kwalba a ɗaga ta a haske: ruwa ya fi man jirgi, wato kananzir, nauyi, ƙasa yake kwanciya, kuma a danshin Legas tanki yana yin raɓa daga ciki. Akwai 'yan bututu a gefen hancin jirgi da ke auna gudu, ana rufe su da murfi mai jan ƙyalle in jirgi yana ajiye. In aka bar su a buɗe zanzaro yana iya cika su da laka, in kuma aka manta murfin a kai aka tashi, matuƙi ba zai san gudunsa ba. Lodi kuma ba nauyinsa kaɗai ake lissafawa ba, har inda aka ajiye shi. In ya yi baya da yawa hanci zai ɗaga ya ƙi sauka, in sarƙa ta kwance mota ta zame a lokacin tashi, babu gwanin da zai iya riƙe jirgin.

Za ku lura yawancin tashinsa daga Maiduguri da Injamena na sassafe ne. Ba son sammako ba ne kawai. Iska in ta yi zafi sirancewa take yi, injin ya rasa ƙarfi, fiffike ya rasa abin dafawa, titin da ya isa da asuba ya kasa isa da azahar a watan Afrilu. Ko a rage kaya ko a jira sanyi, babu na uku, ko da wane ne ke jira. Wannan ya sa wasu manya suna ce masa mai taurin kai. Shafukan Injamena na wajen 1981 da 1982 ne, lokacin da Najeriya ta tura soja cikin rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙungiyar haɗin kan Afirka a Chadi. Na Lungi da Monrobiya sun fara ne bayan ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, ta shiga Laberiya a watan Agusta 1990: a kai soja da abinci da magani, a dawo da masu rauni da gawawwaki. Wannan ɓangaren ba ya ba da labarinsa.

Hazo ya fi tsoro a kan komai. Ya kan tuna mana jirgin alhazai da ya faɗi a Kano ranar 22 ga Janairu 1973, mutum 176 suka rasu. Ƙa'idarsa ba ta canzawa: akwai tsayin da in ka sauko gare shi ba ka ga titi ba, ka ba injin wuta ka koma sama, ka nufi filin da ka tanadar wa mai tun kafin ka baro gida. Ba a leƙe, ba a cewa bari in ƙara sauka kaɗan. A littafin akwai layukan da aka rubuta Kano aka ƙare a Kaduna ko Jos. Kada yara su ɗauka ɓata ya yi.

Sai ranar Asabar 26 ga Satumba 1992. Hajiya, ku yi haƙuri, na san ba kwa son a tayar da ita, amma jikoki su sani. C-130 mai lamba NAF 911 ya tashi daga Legas zai tafi Kaduna, cike da hafsoshin da ke kwas a kwalejin Jaji. Mintuna kaɗan da tashi injuna suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ya faɗa cikin fadama a Ejigbo. Fiye da mutum 150, babu wanda ya fita. Jirgin nan yana iya tafiya da injuna uku, an horar da kowa a kan haka: hanci zai juya wajen injin da ya mutu, a taka feda ta ɗaya ɓangaren, a juya ruwan farfelar ya fuskanci iska da kaifinsa don kada ya zama birki. Amma duk wannan yana bukatar tsayi da gudu, kuma jirgi mai nauyi da ya baro ƙasa yanzun nan ba shi da ko ɗaya. Baba ba ya ciki, amma ya san waɗanda ke gaba, 'ya'yansu muna makaranta ɗaya da su. Allah ya jiƙan musulmin cikinsu, ya ba iyalan duka haƙuri.

Tun daga nan ambulan ɗinsa suka ƙaru. Da ma ba ya tafiya sai ya bar su a aljihun tebur, kowace da rubutu a baya: cefane, kuɗin makaranta, asibiti, na Inna a ƙauye. Bayan Ejigbo ya ƙara takarda mai jerin wanda yake bi bashi da wanda ke binsa, da kwafin takardar magaji da ya cike a ofis, wadda yake sabuntawa duk lokacin da aka yi haihuwa. Ya ga matan da suka sha wahalar neman haƙƙinsu don kawai mijin bai canza sunan da ya rubuta tun yana saurayi ba. Yaya, kai da kake aikin gwamnati, ka duba taka a makon nan.

Game da adana littafin: kada a liƙa masa salatif, kada a kai a rufe shafukan da roba mai zafi, kada a ɗaure shi a leda. A cire duk wani ƙarfen maƙala takarda, tsatsa yake ci. A naɗe shi a farin ƙyallen auduga, akwatin a ɗora shi a kan bulo ya bar ƙasa da bango saboda gara da danshi. Kafur a kusurwar akwati, kada ya taɓa takarda. Auta, aikinka: ka fitar da shi inuwa da safe, ka ɗauki hoton kowane buɗi, shafin hagu da na dama tare, ba walƙiyar waya, a jere daga farko, ka turo mini kaɗan-kaɗan. Haka takardar sallamarsa da na fansho. Hannu a wanke, ba hannun suya ba.

A gaida Inna, a faɗa mata da ƙarfi a kunnen dama cewa ina cin abinci, ban rame ba, kuma hular da ta sa aka ɗinka ita na sa yau har wani Basenegale ya tambaye ni inda ake sayarwa. A gaida Kawu da iyalinsa. Gwaggo ta Zariya, ina gaisuwa, ina kuma jiran a ce mini ƙafar ta sauka. Kada a bar ta tana shan maganin kanti ba a auna jininta ba, Yaya ka kai ta da kanka, in an bar mata ba za ta je ba. Yaya da Anti da yara duka, musamman mai sunan Baba, an ce ya fara haɗa jirgi da karan dawa, a ba shi wutsiyar ragon inji ni, kuma a nuna masa shafin Bulldog. Amarya da angonta, Sallar farko a ɗaki, Allah ya ba da zaman lafiya. Malam na masallacin layi. Maman 'yan biyu. Mutanen gidan kusurwa.

Gaisuwa ta musamman ga Baba Injiniya, in yana iya fitowa a aika mota ta ɗauko shi gobe ya ci abinci a gidan, a zaunar da shi a kujerar Baba, a ɗauko littafin a buɗe masa. Rabin layukan nan yana cikin jirgin, zai gaya muku abin da ba a rubuta ba, Auta ya kunna waya ya naɗi muryarsa in ya yarda. Cinyarsa kada a manta, ta dama, kamar kullum. Haka gidajen nan uku na saman takarda, ko an rage wa wasu kada a rage musu.

Na turo kuɗin barka da Sallah ta hannun Yaya, na Inna da na Gwaggo daban, sauran Hajiya ku raba yadda kuka gani. In za a je maƙabarta a tafi da shebur, ruwan farkon damina yana zaftare gefen kabarin. Zan kira jibi da ƙarfe tara na dare agogonku, a caja wayar Hajiya tun da rana.

Wassalam,
ɗanku na Jojiya.